Muryar Kat-san-kat

Samari huɗu suka turo ta garejina a Karkada,
Fijo kat-san-kat, fara ce a da, yanzu launin ƙashi,
ta girme ni da shekara tara.

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashinta.
Salansa ta zama gari.
Na taɓa da yatsa, tsatsa ta zubo mini a ido.
Abin da ya rage, waya ce ke riƙe da shi
da ƙullin wani makanike da ya riga mu gidan gaskiya.

Mai ita, Baba Kyari, yana zaune bisa tsohuwar taya.
Idanunsa sun tafi tun bara waccan.
Haɓa kan sanda, kunne a wajena.
Shekara ashirin da shida yana Zinder zuwa Tanut da ita.
Ya ce, “Barma, ba tafiya nake so ba,
ina zan je?
Magana nake so ta yi.”

Na aika Maraɗi, babu.
Na kira Kano, aka yi mini dariya a waya.
To, abin da kasuwa ta rasa
sai a tambayi hannu.

A Dole na tsinci bututun famfo
da jar tukunyar kashe gobara da ta gama aikinta.
Na bi tsohon sawu da waya ina lanƙwasawa:
nan ta kauce, nan ta sunkuya, nan ta miƙe,
kamar lungun Birni tsakanin duwatsu.
Na ɗura wa bututu yashi, na toshe bakinsa biyu,
don ƙarfe mai wofin ciki
da ka tanƙwara shi sai ya lotse.
Yarona Maina na riƙe, ina gasa gwiwar har ta yi ja,
muna ja a hankali, a hankali,
yadda ake shawo kan tsoho.

Aka ɗauke wuta da azahar.
Muka koma ga karbir da warinsa na tafarnuwa.
Na farke tukunya, na jera mata ɗakuna uku a ciki
inda hayaƙi zai zagaya ya huce fushi
kafin ya fito gaban mutane.
Kwana huɗu. Ɗinkin walda sumul,
ko allura ba ta samun ƙofa.

Ranar Laraba na murza makulli.
Ta tashi lumui, kamar kyanwa a cinya.
Maina ya yi tafi. Ni ma, a zuci.

Baba Kyari bai motsa ba.
Can ya ce, “Motar wa ka tayar?”

Na ce taka ce.
Ya ce, “Tawa tana da kaushin murya.
Dutse ya huda ta bayan Bakin Birji
shekarar da aka haifi Gaji,
ban taɓa liƙewa ba.
Da wannan kaushin ake ɗora mini ruwan shayi
tun ina kwanar asibiti.”

Na dubi ɗinkina na kwana huɗu.
Na dubi tsohon.
Na ce Maina ya miƙo ƙusa da guduma.

Bugu ɗaya. “Ƙara.”
Bugu biyu. “Matsa baya kaɗan, wajen wuya.”
Na uku, sai ta yi tari, ta gyara murya,
ta fara wannan gunaguni nata, faɗa-faɗa, dariya-dariya,
har awakin maƙwabta suka watse.

Hannunsa na dama ya bar sanda,
ya laluba iska a gefen sitiyarin da babu,
ya sa giya ta biyu.

Da yamma Maina na share tsatsa ya tambaye ni
nawa za mu caje shi kuɗin hudar.
Na ce jaka goma sha biyar na salansa ne.
Hudar tasa ce tun asali,
mayar masa muka yi.